Ranar da Motar Malama Ta Sha Ruwa

Dogo ba ya tayar da mota sai ya shinshina baƙin mai. Kowace safiya zai ɗaga bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya shafa tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai hanci. Sai ya yi shiru kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ya goge hannu da tsumma ya rufe. Shekara talatin da ɗaya yana haka, har babban yatsansa na dama ya yi wani duhu da sabulu ya gaji da shi. Mai Walda, wanda rumfarsa ke jikin garejina, yakan ce da baƙin mai miya ne, da Dogo ya fi kowa ƙiba a layinmu.

Ƙibar ce dai babu. Mutum ne siriri mai tsawo har ya yi yawa, idan zai shiga mota sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Kujerarsa kullum tana can baya, iyakar inda ƙarfenta ya tsaya. A hanya kuma ba ya sauri. Direbobin haya sukan wuce shi suna leƙo kai suna cewa, "Baba Dogo, ƙwai ka ɗauko?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu, ya ce su gaida gida idan sun isa.

Da karen mota ya fara, a bayan wata babbar mota mai ɗaukar katako. Can mijin Malama, likitan dabbobi, ya gan shi wata rana yana wanke taya kamar mai yi wa jariri wanka, ya ce ya zo ya ja masa sabuwar motar da ya saya. Wata fara ce mai silinda huɗu, irin wadda yanzu sai a yi shekara ba a ga 'yar'uwarta a titi ba. A cikinta Dogo ya kai 'ya'yan gidan makaranta, a cikinta ya ɗauko autarsu daga asibiti tana kwana biyu a duniya, a cikinta kuma ya kai Likita asibitin da bai dawo ba. Ni ne bakaniken motar tun tana sabuwa. Ko da yake, in faɗi gaskiya, Dogo ne ke kawo ta ya gaya mini ciwonta, ya tsaya a kaina har in gama, sannan ya bi duk notin da na ɗaure ya sake taɓawa.

Wa'azinsa ɗaya ne, kuma duk damina sai ya maimaita shi a kan bencinmu. "Idan mota ta mutu a cikin ruwa, ka zauna a kan hannunka na dama. Kada ka ce bari in gwada sau ɗaya." Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin iska yake shaƙa ya matse, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga, muddin ba a taɓa makulli ba, aikin yini ɗaya ne: a cire filogi, a fitar da ruwan, a sauya mai. Amma idan aka murɗa, fistan ya taso ya tarar ruwa ya tare masa hanya, to ƙarfen da ke tura shi, wanda muke kira kwanrod, shi zai lanƙwashe. Direbobi da yawa sun ji wannan daga bakin Dogo. Waɗansunsu sun ji ne bayan sun riga sun gwada sau ɗayan.

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce. Rabin matan unguwarmu sun sha faɗanta, kuma har yau su ne ke zuwa gaishe ta. Da ƙuruciya ta iya tuƙi, Likita ne ya koya mata a filin makaranta da wannan farar motar, sai da idonta ya yi rauni ta bari. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da zama a gidan, ita da wata dattijuwa mai yi mata aiki, da bishiyar gwaiba biyu, da kujerarta ta baranda. A 'yan shekarun nan ta fara mantuwa. Ta taɓa barin tukunya a wuta har ta ƙone. Ta taɓa kiran Dogo da sunan mijinta, shi kuma ya amsa kawai. Babban ɗanta, Lauya, yana babban birni a wani bene hawa na biyar, ya daɗe yana so ya ɗauke ta. Ita kuma ta ce can ko ƙasa ba a takawa, kuma ba wanda zai ce mata Malama. Abin da ya hana shi matsa mata shi ne Dogo da motar. Muddin akwai mai kai ta asibiti ran Laraba, mai ido a kanta, ya yarda ya ƙyale. Amma kowa ya san dalili ɗaya kawai yake jira.

Wata Laraba aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sun je asibiti lafiya. A hanyar dawowa, da rana tsaka, suka tarar kwarin da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ya cika. Dogo ya tsaya kamar yadda ya saba, ya bar motoci uku suka wuce yana kallon tayoyinsu. Ruwan iyakar rabin taya. Ya sa giya ɗaya ya shiga a hankali. Yana tsakiya sai ga wata babbar mota daga gaba, direbanta ko sassautawa bai yi ba, ta turo ruwa ya haye bonet. Farar mota ta yi tari biyu ta yi shiru.

Dogo ya fito ya tafi neman masu turi a wata rumfa da mutane suka fake. Ya bar makulli a jiki, don kada sitiyari ya kulle idan za a tura. Daga baya an gan shi ya goyo Malama ya fito da ita, a nan ne wani tsohon kwanon rufi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa ya yanke shi a ƙafa. Tsakanin tafiyarsa rumfa da goyon akwai 'yan mintoci da ba wanda ya ba da labarinsu.

Da yamma aka janyo ta garejina. Na zaro sandar mai, man ya fito kamar shayi da madara. Na cire filogi, na sa sifana zan juya injin da hannu, ya tafi kaɗan ya tsaya cak. Na ɗaga kai na dubi Dogo.

Na ce, "An murɗa."

Ya ce, "An murɗa."

"Wa?"

"Wa ke jan motar?"

Mai Walda ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso. "Kai Dogo? Kai da ka hana kunnenmu sakat duk damina? To yau mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ina hannun daman, ba ka zauna a kai ba?"

Dogo ya yi murmushi, ya ce tsufa ne.

Na buɗe ƙofar direba na shiga zan sauke birkin hannu, sai gwiwata ta bugi sitiyari. Ni kuwa gajere ne. Kujerar ta matso gaba har ƙarshe, madubin ciki ma ya sunkuyo.

"Dogo, kujerarka ta yi tafiya."

"Ruwa ne ya turo ta."

"Har da madubi?"

"Ruwan yau da ƙarfi ya zo."

Ina fitowa ya zura dogon hannunsa ya ja ƙarfen, kujerar ta koma baya, ya gyara madubi. Mai Walda yana can yana shan dariyarsa, bai lura ba.

Bayan kwana biyu Lauya ya iso. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce da tsoro a fuskarsa. A garejin ya tarar da Dogo. Ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana rataya jakar makaranta, sannan ya ce, "Baba Dogo, ka shiga ruwa da Mama, ka kuma sake tayarwa. Ko ni da ban san injin ba na san ba a yi. Daga bakinka na ji."

"Kuskure ne, Lauya."

"Ba Mama ce ta matsa maka ba? Na san halinta da gaggawa. Idan da hannunta a ciki ka gaya mini, yau ɗin nan zan tafi da ita ko tana kuka."

"Malama tana kujerar baya tana addu'a. Ba ruwanta."

Lauya ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce to shi ke nan, mota ta tsufa, Baba Dogo ya isa hutu, Mama za ta koma wurinsa.

Dogo ya ce, "Shekara talatin da ɗaya, kuskure ɗaya. Ko a kotunku ai ana sassauta wa mai laifin farko."

Dariya ta kusa suɓuce wa Lauya. Dogo ya roƙi a ba shi zuwa hutun kotu, mako shida. Idan Lauya ya dawo ya tarar motar tana tafiya kamar da, a bar Malama a gidanta. Lauya ya juyo wurina ya ce, "Baba, za ta gyaru?" Na ce kwanrod ɗaya ya lanƙwashe, irinsa kuma an daina kawowa tun kafin ya gama makaranta. Ina jin wannan amsar ce ta sa ya yarda.

Washegari Dogo ya zo da tsohuwar rigar aiki. Ya ce hannun da ya ɓata shi zai gyara, ni dai in ara masa inuwa da sifana. Na dubi hannun, na miƙa masa sifanar. Ya sauke injin ya warware shi a kan tabur, ya wanke komai da kananzir. Kwanrod na silinda ta biyu ya fito a tanƙware kamar ayaba. Ya naɗe shi a tsumma ya shiga kasuwar tsofaffin kayan mota, rumfa-rumfa, kamar mai cigiya. Masu rumfa suna juya shi a hannu suna cewa, "Baba, wannan ai sai gidan tarihi." Mako biyu yana wannan yawo.

Wani mai facin taya ne ya ba shi labarin wata mota irinta a bayan gidan wani tsohon tela a ƙarshen gari. Muka je tare. Tana zaune a kan duwatsu, ba taya ba gilashi. Dogo ya ɗaga bonet yana rawar jiki, sai ga kaza kwance a gefen injin, a kan ƙwai goma sha ɗaya, tana hararmu. Tela ya ce, "Ka ɗauki duk abin da kake so, kyauta. Amma kazata ba ta tashi sai ta ƙyanƙyashe." Muka tambayi saura kwana nawa, ya ce kamar tara.

A hanya na ce wa Dogo mu samo kwando mu lallaɓa ta, kwana tara ba kaɗan ba ne. Ya ce, "Mutum ya yi mini alheri, in saka masa da baragurbi?" Kowace safiya sai ya je ya leƙa kazar. Mai Walda ya ce bayan tuƙi kuma ya zama ungozomar kaji.

A kwanakin ne na lura takunsa ya sauya. Ya daina sa takalmi a ƙafar hagu, sai tsumma da silifa. Dogo yana da ciwon suga, mun sani, shi ma ya sani. Wata rana mai ɗakinsa ta kawo masa abincin rana da kanta, ta tsaya a bakin gareji ta ce, "Mai gareji, ka yi wa abokinka magana. Mutumin nan tarin mota yana jinsa daga cikin ɗaki, amma ƙafarsa tana kuka bai ji ba."

Ya ce, "Idan ta tashi ita za ta kai ni asibiti. Ki bar ni in ci abinci."

Ta ce, "Ita ke nan dai, ita ke nan." Ta ajiye kwanon da ƙarfi ta tafi.

Na yi masa maganar. Sau biyu na yi. Ya ce idan ya je za su kwantar da shi, kuma hutun kotu ba ya jiran mai jinya.

Malama ta zo sau ɗaya a tasi, ita da mai aikinta. Na goge mata benci ta zauna tana kallon injin a baje, kamar mai duba takardun jarrabawa. Ina ƙarƙashin wata mota kusa da su, ba leƙen asiri nake ba, amma kunne ba shi da murfi.

Ta ce, "Dogo, ranar nan..."

"Ranar nan ruwa aka yi, Malama."

"Ni fa na tuna."

"To ki manta. Ai an ce kina mantuwa, ki yi amfani da ita."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ta ce, "Gani na yi kamar Likita yana gefena yana cewa taka kuloci." Dogo ya ɗauki wani ƙarfe da ya riga ya wanke ya sake wankewa. Da za ta tashi ta dubi ƙafarsa ta ce, da muryar da take kora 'yan makara, gobe ya je asibiti. Ya ce to, Malama. Ban taɓa jin ya ce mata to bai aikata ba sai ranar.

Kaza ta ƙyanƙyashe a kwana na goma sha ɗaya. Muka yi yini biyu a bayan gidan tela muna kwance tsohon injin, 'yan tsaki suna yawo a ƙafafunmu. Kwanrod ya fito miƙe sambal. Dogo ya ɗaga shi sama ya duba da ido ɗaya, ya mirgina shi a kan gilashi, sannan ya ce, "Lafiyarsa lau." Saura mako biyu da 'yan kwanaki.

Da ni ne, kwana huɗu sun ishe ni. Amma Dogo ba ya haɗa ƙarfe biyu sai ya auna, ya kwance, ya sake aunawa. Yanzu kuma a zaune yake aiki, ƙafar a miƙe a kan tsohuwar taya. Tun ranar da ya warware injin ya samo kwali ya zana hoton kan injin a jiki, ya huda rami goma, ya soke kowane noti a raminsa da lamba a gefe, don kowanne ya koma inda ya fito. Notin kan injin ba a ɗaure shi yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba kan zai karkace ya riƙa yoyo.

Ran Alhamis, saura kwana tara Lauya ya zo, injin ya riga ya koma cikin mota, Dogo ya ɗora masa kai. Ya sa noti na ɗaya, na biyu, har na shida. Sai na ga ya ajiye sifana ya jingina da bango, gumi yana zuba, haƙoransa suna haɗuwa, ga rana tana dukan kwano. Na ce ya kawo in ƙarasa, yana zaune yana kallo. Ya ce, "Ba a ɗaure kan injin da hannu biyu daban. Gobe zan ƙarasa. Kada ka taɓa." Mai Walda bai yi zolaya ba ranar. Ya fito da babur ɗinsa ya kai shi gida.

Ran Juma'a aka kai shi asibiti. Likitoci suka ce dafin ya riga ya shiga jini. Na je duba shi ran Lahadi da hantsi, ya tambaye ni ko na rufe injin da tamfol, kada ƙura ta shiga. Na ce na rufe. Ran Litinin ya rasu.

Lauya ya zo jana'iza, ya zauna har ranar cikar alkawari. Ran Asabar ɗin suka zo garejin shi da Malama. Na yaye tamfol. Na ce saura noti huɗu da 'yan wayoyi, aikin rabin yini ne, kuma na tabbata za ta tashi. Lauya ya ce alkawari alkawari ne. Idan ta tashi zai nemo wa Mama wani direba, ta zauna a gidanta, abin da Baba Dogo ya so ke nan.

Malama ta ce, "Zo nan." Ta kama hannunsa ta ja shi can gindin bishiyar da muke ajiye tsofaffin tayoyi. Ban ji abin da ta faɗa ba, kuma bai yi tsawo ba. Na dai ga Lauya ya juyo ya dubi motar, ya ɗora hannu biyu a ka, ya daɗe a haka. Da suka dawo idonsa ya yi ja. Ya tambaye ni gidan Dogo ta wace hanya ya fi kusa, shi da ya san gidan tun yana yaro.

Malama ta ce mini, "Mai gareji, ya ce kada ka taɓa, ko?"

Na ce haka ya ce.

"To kada ka taɓa. Mako shida ina zaune a barandata a kan ƙafar mutum. Ya isa haka." Ta juya wurin ɗanta ta ce a haɗa mata kayanta, za ta bi shi.

Sun tafi a makon da ya biyo. Lauya ya ce motar ta zauna a wurina har sai Mama ta ce wani abu, ita kuma har yau ba ta ce ba. Tana nan a ƙarshen rumfa, inda ruwa ba ya tsiyaya. Noti shida suna kan injin, ɗaurin farko kawai aka yi musu. Kwalin yana saman kanta, da noti huɗu a soke, na bakwai zuwa na goma.